Kogin Ƙanƙarar Da Zan Kai Yayana Ya Gani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni ɗalibi ne ɗan Kano, shekarata ta huɗu ke nan a Grenoble, wani birni da tsaunuka suka yi wa zobe a kudu maso gabashin Faransa, kuma ta waya nake karanta jaridarku. Ƙorafina a kan kalma ɗaya ne, amma ba zai fito sosai ba sai na bi da ku ta wata 'yar tafiya da nake shiryawa.

Duk sanda labarin ɗumamar yanayi ya zo daga Turai, a jarida ko a rediyo, abin da ake cewa shi ne dusar ƙanƙara tana narkewa a kan tsaunuka. Ran nan muna hira da yayana a waya maganar ta taso, sai ya kwashe da dariya. Ya ce, "Kai ɗan boko, da ma ba narkewa take yi ba duk shekara? Zafi ya zo ta narke, hunturu ya zo ta dawo. Turawa dai ba su rasa abin tayar da hankali." Na rasa amsar da zan ba shi, don in dusar ake nufi, gaskiyarsa ce. Fassarar ce ta ɓatar da shi.

Mu kalma ɗaya ce da mu: wadda ke zubowa da ruwan sama ƙanƙara, ta firji ƙanƙara. Abin da masana ke kuka a kansa daban ne. Can ƙololuwar tsauni akwai inda dusar ke zuba ba ta narkewa, ta bana ta hau kan ta bara, ta bara tana kan ta bara waccan. Nauyi ya yi ta danne ta, iskar da ke ciki ta yi ta matsewa, har bayan shekaru ta zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai tauri kamar dutse. In ta yi kauri sai nauyinta ya sa ta fara gangarowa cikin kwari a hankali, 'yan gomman mitoci a shekara, tana niƙe duwatsun da ke ƙarƙashinta. Tafiya take yi. Shi ya sa nake ganin kogin ƙanƙara ne sunan da ya dace da ita. Dusa amfanin gonar shekara guda ce, kogin ƙanƙara kuwa rumbu ne da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa, kuma yanzu abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa. A Suwizalan, masanan ƙasar sun auna cewa a 2022 da 2023 kaɗai kashi 10 cikin 100 na wannan rumbu ya tafi.

To amma gani ya kori ji. Yaya zai zo bikin kammala karatuna a watan Yuli in Allah ya kai mu, na kuma ce masa kwana uku a cikin zuwan nasa nawa ne. Zan kai shi Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni, wani ƙaramin gari a gindin Mont Blanc, tsaunin da ya haura mita 4,800 kuma ya fi kowane tsauni tsawo a jerin tsaunukan Alps. Daga nan Grenoble tafiyar kamar awa biyu ce a mota. Wanda ya sauka a filin jirgin Geneva da ke Suwizalan ma bas zai hau, awa ɗaya da 'yan mintoci ya isa, kuma bizar Schengen ɗaya, wadda ƙasashen biyu duka ke karɓa, ta wadatar.

Na taɓa zuwa sau ɗaya, a watan Agustan 2023, ni da wani abokina Bamaraɗe, kuma kusan duk abin da ba a so a yi sai da muka yi shi. Ba mu baro gida ba sai hantsi, muka isa ana azahar. Ni kambas ne a ƙafata wanda ƙasansa ya suɗe, shi kuwa shadda ya sha har da hula, wai saboda hoto. Muka hau wani jan jirgin ƙasa mai haƙora a tsakiyar dogonsa, wanda tun 1909 yake hawa da mutane daga garin, mai tsayin mita 1,035, zuwa Montenvers mai mita 1,913, cikin minti 20. Muka sauka muka nufi bakin baranda don mu ga Mer de Glace, wato Tekun Ƙanƙara, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa.

Abokina ya leƙa ya leƙa, ya juyo ya ce, "Wai ina take?"

Abin da ke gabanmu wani ƙaton kwari ne mai zurfi, ƙasansa shimfiɗe da tsakuwa da ɓaraguzan dutse ruwan toka, kai ka ce wurin da ake fasa dutse ne aka tashi aka bari. Ƙanƙarar tana nan, amma a ƙarƙashin tsakuwar, can ƙasa. Sai ka ɗaga kai ka dubi nesa kafin ka hango fari. A jikin bangon kwarin kuwa ana ganin shaidar inda ta taɓa kaiwa, kamar yadda ruwa ke barin zane a jikin randa.

Muka ce sai mun taɓa ta da hannu. A lokacin, bayan ka sauka daga wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai rataye a jikin waya, wanda a nan ake kira telefirik, akwai matakala fiye da 500 na ƙarfe da aka kakkafa a jikin dutsen. An ce da aka kafa telefirik ɗin a 1988 matakala uku kacal mutum ke takawa ya hau kan ƙanƙara. Duk shekara tana yin ƙasa, ana ƙara mata matakala. A jikin dutsen an manna alluna, kowanne da shekara, yana nuna inda saman ƙanƙarar yake a wannan shekarar. Na tsaya a gaban na 1990, shekarar da aka haife ni. Na dafa dutsen, yana da ɗumi saboda rana, har 'yar ciyawa ta tsiro a tsagarsa. Na leƙa ƙasa, mutanen da ke bakin ƙanƙarar sun zama kamar tururuwa. Ban kai shekara 35 ba a lokacin, ko furfura ban fara ba. Muka ci gaba da sauka, alluna suna wucewa, gwiwa tana rawa.

A ƙasa akwai kogo da ake haƙawa a cikin ƙanƙarar, kuma duk shekara sai an sake haƙa sabo, don na bara ya yi gaba da tafiyar kogin. Bakinsa an lulluɓe shi da fararen tamfol don rana ta rage cinsa. Ciki kuwa shuɗi ne irin wanda ban taɓa gani ba, ya fi na baba haske, ga ƙananan ƙwayoyin iska a daskare a ciki, ga ruwa yana ɗiga a wuyan riga. Ba mu yi minti goma ba hadari ya haɗo. A tsaunukan nan haka bazara take: safiya garau, da la'asar tsawa. Muka kama hawan matakalan nan cikin ruwa muna haki, kambas yana zamewa, shadda ta manne a jiki, ga fargabar kada jirgin ƙarshe ya tafi ya bar mu da gangaren kusan mita 900 a ƙafa. Kwana uku sha-raɓata tana ciwo. Ba laifin kowa ba ne, namu ne.

Shirin zaune ya fi na tsaye, shi ya sa wannan karon tun yanzu na baje taswira. Tun farkon 2024 an buɗe sabon telefirik a can gaba inda ƙanƙarar ta fi kauri, matakalan sun ragu sosai, don haka gwiwar Yaya za ta samu sauƙi. Amma ba na so ya zo wurin a zaune cikin jirgi kamar yadda muka yi. Da ƙafa za mu je, ta turbar da ake kira Grand Balcon Nord. Da sassafe za mu hau babban telefirik mu sauka a zangon tsakiya, Plan de l'Aiguille, mita 2,317, daga nan mu bi gefen tsauni kamar kilomita 6, awa uku in ba gaggawa. Garin yana can ƙasa ta hagu, tsinin duwatsu suna sama ta dama, kuma akwai wata dabba mai kama da gafiya amma ta fi ta ƙiba, wadda ke fito in ta hango mutum. Kusa da ƙarshe hanya ta rabu biyu; za mu ɗauki mai hawa zuwa Signal Forbes, inda kwarin ke buɗewa gaba ɗaya a gabanka lokaci guda. Sunan wani masani ne ɗan Sikotlan, James Forbes, wanda a 1842 ya yi ta auna tafiyar wannan ƙanƙara har ya nuna tsakiyarta ta fi gefenta sauri, daidai yadda ruwan kogi ke yi. Daga can sai gangare zuwa Montenvers, mu shiga kogo kafin azahar ta wuce, mu dawo gari a jirgi.

Yaya ya ce shi da ya hau Kogon Hira da Umara, wane tsauni ne zai ba shi tsoro. Na ce, "Yaya, ba ƙarfinka nake shakka ba, takalminka nake shakka." Za a saya masa mai kaushin ƙasa, ya yi mako biyu yana yawo da shi kafin ranar, don sabon takalmi a kan dutse ƙafa yake ci. Sai riguna marasa nauyi guda uku da ake ɗorawa ana cirewa, ta saman mai hana ruwa, domin duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Sai baƙin tabarau da man kare fata. Masu cewa rana ba ta ƙona baƙar fata ba su ga hancina ba bayan waccan tafiyar. Guzuri dabino ne da gyaɗa da burodi da cuku, da ruwa lita biyu kowa a jakar goyo. Na hana shi ɗauko kilishi, ba a yarda matafiyi ya shigo da nama Tarayyar Turai ba. A gidajen abincin garin kuma sai an yi tambaya, don shahararren abincinsu na dankali da cuku da naman alade ake yin sa. Salla ba matsala, matafiya ne mu, ga rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ga ruwan alwala yana gangarowa ta ko'ina, sai dai sanyinsa har cikin haƙori.

Babban telefirik ɗin nan yana wucewa har Aiguille du Midi, mita 3,842, kuma kowa can yake rububin zuwa. Ni ban sa shi a lissafi ba. Kuɗinsa ya haura Yuro 70, cikin minti 20 an ɗaga ka kusan mita 2,800, kai ya yi ta sarawa, in gajimare ya rufe kuma ka biya kuɗi ne ka kalli hazo. In Yaya ya nace, sai rana ta uku, wadda na bari babu komai a cikinta saboda ko yanayi zai ɓata mana ta biyu. In ta tsira, na fi son mu haura ɗaya ɓangaren kwarin zuwa tafkin Lac Blanc, inda ake hango tsaunukan duka suna fuskantarka.

Ranar isowa kuwa 'yar gajeriyar tafiya ce zuwa inda ake kallon wani kogin ƙanƙarar, Bossons, wanda ke gangarowa daga ƙololuwar Mont Blanc fari fat. Wannan labarin naka ne, Edita. A watan Janairun 1966 wani jirgin saman Indiya ya faɗi can sama, mutum 117 suka rasu. Tun daga nan ƙanƙarar take tafe da kayansa tana amayar da su a ƙasa kaɗan-kaɗan. A 2013 wani mai hawan dutse ya tsinci akwatin duwatsu masu daraja. A 2020 kuma jaridun Indiya na makon hatsarin suka fito, ɗauke da labarin zaɓen Indira Gandhi a matsayin firaminista, kuma ana iya karanta su. Dusar da ke narkewa duk shekara ba ta ajiye jarida shekara 54.

Abu guda da na yi wa Yaya kashedi a kai tun yanzu: ba ma taka kan ƙanƙarar mu kaɗai, komai kyan hoton. Tana da tsagogi masu zurfin da ya fi rijiya, wani lokaci dusa ta rufe bakinsu. Masu hawa kanta da ɗan jagora suke tafiya, ɗaure da igiya, da ƙarafa masu tsini a takalmi. Ƙungiyar 'yan jagoran garin tun 1821 take. Ga shi zafi ya sa ta zama ba tabbas. Ranar 3 ga Yulin 2022 wani ɓangare na kogin ƙanƙarar Marmolada a Italiya ya ɓalle ya kashe mutum 11. A watan Mayun 2025 wani ya rufto ya binne kusan duk ƙauyen Blatten a Suwizalan, Allah ya sa an kwashe mutanen tun kafin ranar. Lambar neman agaji 112 ce, na sa ya haddace.

A ƙarni na 17 wannan Mer de Glace ɗin har cikin kwarin Chamonix ta sauko tana cinye gonaki da gidaje, har mutanen wurin suka gayyato bishop ya yi musu addu'a ta tsaya, kamar dai yadda muke fita roƙon ruwa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau ta ja baya fiye da kilomita 2. Ruwan da ke fita daga bakinta, fari-fari kamar an dama gari saboda niƙaƙƙen dutse, shi ke shiga kogin Arve, ya haɗu da Rhône a Geneva, ya ratsa gonakin kudancin Faransa zuwa Bahar Rum, kuma a tsakiyar zafi, lokacin da aka fi buƙatarsa, ya fi kwarara.

Roƙona ke nan: in labarin ya sake zuwa teburinku, ku rubuta kogin ƙanƙara, ku bar dusa ga abin da ke zuba da hunturu. In masana harshe na jami'o'inmu suna da kalmar da ta fi wannan, su kawo, zan bi. Idan biza ta fito kuma muka je muka dawo lafiya, zan aiko muku da hoton Yaya a kan turbar. Ya riga ya turo mini lambar ƙafarsa, 44, tare da gargaɗin kada in sayo masa mai ja.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatu daga Grenoble, Faransa