Jirgin da Kujerunsa Ba Kowa, da Me Yake Cin Riba?

Zuwa ga abokan cinikinmu na Zariya da kewaye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga amsar tambayar da alhazai da hajiyoyi ke yawan yi mana a ofis. Wanda ya dawo daga Amurka sai ya ce ya tarar da layin kujeru ba kowa, har ya miƙe ya yi barci. Mai aika kaya kuwa sai gabansa ya faɗi: ashe jirgin asara yake yi, kada ya daina zuwa.

Fasinja ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Kusan rabin kayan da ake aikawa ta sama a duniya a cikin jiragen fasinja suke tafiya. Kuɗin mai da albashin matuƙa sai an biya, ko an cika ko ba a cika ba, don haka duk kilon kayan da aka ƙara a ɗakin kaya na ƙasan jirgin yana rage wa kamfani nauyin kashe kuɗi. Kujerun gaba masu tsada su ma suna toshe giɓi babba. A watan Maris na 2020, da korona ta zaunar da kowa a gida, kamfanin American Airlines ya tashi jirgin fasinja daga Dallas ta Amurka zuwa Frankfurt ta Jamus da kaya zalla, abin da rabonsa da yi tun 1984. Kaya kaɗai dai ba sa riƙe hanya har abada, gaskiya ɗaya ce. Amma ku kwantar da hankalinku, kamfanin jiragen sama na Delta na zirga-zirga tsakanin Legas da Atlanta ta Amurka tun 2007.

Inda abin ya shafe ku: idan fasinjoji suka ragu, akwatunansu ma sun ragu, wuri ya samu. Janairu da Fabrairu sun fi Disamba sauƙin samun gurbi nesa ba kusa ba. Mai manyan riguna da hulunan da ba na gaggawa ba, ya jira lokacin.

Ku matse ƙunshi sosai. Ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita, a ninka su da juna, a raba da 6,000, sakamakon shi ne kilo. Idan sakamakon ya fi nauyin sikeli, shi za ku biya. Kilishi kuwa don Allah a bar shi gida, jami'an Amurka ƙwacewa suke yi.

Ofishinmu na Sabon Gari a buɗe yake daga Litinin zuwa Asabar.

Naku,
Ma'aikatan sashen aika kaya