Ƙanena ba gwanin lissafi ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na ranar Asabar ya ɓata min rai, har yanzu ban huce ba. Baƙon naku ya yi ta zuba wa masu ƙera wasannin bidiyo yabo, wai sun ɗaga darajar masu lalurar galahanga (autism), mai gabatarwa kuma ba ya cewa komai sai "ƙwarai kuwa".

Su wa ya lissafo cikin taurarin wasannin? Symmetra ta Overwatch, gwanar tsara gine-gine. Josh na Watch Dogs 2, wanda babu kwamfutar da take gagararsa kutse. Har da David Archer na Mass Effect 2, don girman Allah! Ni da hannuna na buga wannan sashen. Ɗan'uwansa na jini ne ya ɗaure shi jikin na'ura, aka bankare masa idanu da ƙarfe, aka cusa masa bututu a baki, don kawai kansa na ja a lissafi. Wannan ce darajar?

Ƙanena yana da wannan lalurar, shekararsa 14, maganarsa kaɗan ce. Maƙwabta na tayar da janareta zai toshe kunnuwa ya shige bayan ƙofa yana jijjiga. Innarmu ta sha yawon gidajen masu ruƙiyya da shi saboda dangi sun dage aljanu ne, da ƙyar aka bar ta ta kai shi asibiti. Shirinku na ƙarewa kawunmu ya bugo waya: "To shi namu mece ce baiwarsa? Ku saya masa kwamfuta mana." Inna ta tashi ta shige ɗaki tana kuka. Wato yaron da ba shi da wata bajinta ta nunawa, shi kuma ina za a sa shi? Yana dariya, yana son kunun gyaɗa, ya san sallamar kowa a gidanmu. Bai isa ba?

Akwai wasan To the Moon na 2011, inda wata mai wannan lalurar, River, take ta naɗa zomaye na takarda saboda abin da ke ranta ya ƙi fitowa ta baki. Wannan ya fi kusa da abin da muke gani a gida, amma baƙonku ko ambatonsa bai yi ba. In za ku sake, ku gayyato uwa mai renon irin yaran nan.

Sannan layin wayarku. Kullum kuna cewa a kira, kullum a kashe yake ko ba a ɗauka. Ku gyara shi ko ku daina karanto lambar.

Naku mai sauraro,
daga Zariya