Godiya ga Ma'aikatan Gidan Tarihin Shayi na Hangzhou

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Gidan Tarihin Shayi na Ƙasar Sin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, domin yaba kyauta tukuici. Ina kuma so 'yan uwana fatake masu zuwa sari Yiwu su san cewa a cikin lardin Zhejiang ɗin nan akwai wurin da ya cancanci su ba shi wuni guda.

Mu mutanen Damagaram da koren shayin ƙasarku muka tashi, ana dafa shi a kan gawayi har ya yi ɗaci, a zuba sukari, a sha zagaye uku. Amma sai a gidanku, wanda aka buɗe a 1991 a tsakiyar gonakin koren shayin da ake kira Longjing, na gane cewa nau'o'in shayi, kore da fari da rawaya da oolong da baƙi da irin su Pu'er na Yunnan duk daga tsiro ɗaya suke. Aikin da aka yi wa ganyen bayan tsinka shi ne ya raba su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon da ke soya ganyen Longjing. Da tafin hannunsa yake dannawa a cikin kasko mai zafi, ya juya, ya watsa, ya sake dannawa, har ganyen ya kwanta ya yi fale-fale. Ban san yarensa ba, bai san nawa ba, amma da ya ga na matso sai ya ɗebo kaɗan ya zuba mini a hannu in sunsuna. Malamar da ke rakiyarmu kuma ta jiƙa mana shi a kofin gilashi, da ruwan da zafinsa bai wuce digiri 80 ba, ta ce tafasasshen ruwa yana ɓata ɗanɗanon ganye mai taushi, musamman wanda aka tsinka kafin bikin Qingming na farkon Afrilu. Babu sukari, amma wallahi akwai wani zaƙi a ƙarshen maƙogwaro.

Na yaba da adalcinta lokacin da na tambaye ta game da shayin Japan. Ba ta kushe ba. Ta bayyana cewa garin shayin da ake kaɗawa a zamanin daular Song ta ƙasar Sin shi ne asalin matcha, wato garin koren shayin Japanawa, kuma malamin addinin Buddha Eisai ya koma Japan da irin shayi a 1191. Su Japanawa turara ganyen suke yi, ku kuma soyawa, shi ya sa nasu ya fi kore shar.

Tambayoyina sun yi yawa, ba wanda ya nuna gajiya, kuma ba wanda ya matsa mini in sayi komai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa gidan nan ɗaukaka.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Damagaram