Ɗiyata, ki kula da wuyanki

Daga Maradi

Assalamu alaikum, ɗiyata. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan gida lafiya lau, alhamdulillahi.

Ƙanwarki ta faɗa mini ciwon kan nan bai sake ki ba, wai kusan kullum da la'asar sai kin haɗiyi farasitamol. Abin ya tsaya mini a rai. Yadda ta kwatanta shi, yana farawa daga ƙeya, ya hau ta gefe guda har ya sauka a bayan ido, kuma kafaɗunki kan yi tauri. Na ga irinsa da yawa lokacin da nake aikin jinya, musamman wurin teloli da masu ɗinkin hula, kuma galibi tushensa wuya ne. Jijiyoyin da ke fitowa daga saman wuya suna haɗuwa wuri ɗaya da babbar jijiyar da ke kula da fuska da goshi, shi ya sa wuya ke wahala amma a ji zafin a kai.

Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka, kuma ƙasusuwa 7 ne kawai a wuya suke ɗauke da shi. Muddin kunne yana saitin kafaɗa, wannan nauyi ba komai ba ne. Da zarar kin sunkuya, lissafi ya canja. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya ƙiyasta abin a 2014: sunkuyo kaɗan na digiri 15 yana ɗora wa wuya kamar kilo 12, na digiri 30 kilo 18, sunkuyo sosai na digiri 60, irin na mai duba waya a cinya, kilo 27. Ya fi bidon ruwa mai lita 25 ke nan. Matan da ke ɗauko ruwa a ka suna tafiya a miƙe sambal, don sun san in suka karkata wuya ba zai ɗauka ba. Ke kuwa kina rataya wa naki irin wannan kaya tun safe har dare.

Na san zamanki sarai. Ki baje a tabarma ko a katifa, kwamfuta a cinya, haɓa ta kusa taɓa ƙirji. Wannan zaman nake so ki bari. Ki samu tebur da kujera, ki jera littattafai ƙarƙashin kwamfutar har saman allonta ya zo daidai idonki. Tafin ƙafa a ƙasa, baya a jingine, in akwai rami tsakanin ƙugunki da kujera ki naɗe zane ki cusa. Waya kuma ki ɗaga ta zuwa fuskarki, kar ki bi ta ƙasa, kuma ki daina maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa kina girki.

Amma ki sani, ko zaman da ya fi kowane kyau, in ya daɗe cuta ne. Tsoka motsi take so. Duk rabin awa ki tashi, ko zagaya ɗaki ne ki yi, ki ɗan kalli nesa ido ya huta. Kafin ki koma, ki ja haɓarki baya a hankali ba tare da kin sunkuya ba, ki riƙe ki ƙirga biyar, ki saki, kamar sau goma. Sai ki ja kafaɗu baya ki matse allunansu. Kar ki yarda kowa ya murɗa miki wuya da sunan gyara.

Da dare ki bar kwanciya rub da ciki, tana kwana da wuya a murɗe. Ki kwanta ta gefe ko rigingine, matashi ɗaya, ba tudu ba. Kitso mai tsauri da ɗaurin kallabi tamau su ma suna kawo ciwon kai, haka ƙishirwa a wannan zafi da ke wuce digiri 40.

Maganar ƙwaya kuma. Wanda ke shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, har wata uku, maganin da kansa yana iya koma masa sanadin ciwon. Na masu yawo da magani a faranti kuwa, kar ki kusance shi, balle tiramol.

Abu ɗaya ba na son ki yi wasa da shi. In ciwon kai ya zo da zazzaɓi, ko wuya ya sandare har ba kya iya kai haɓa ƙirji, ko amai, ko ido ba ya son haske, wannan ba na zama ba ne. Ƙasarmu tana yankin sanƙarau, kuma da rani yake ɓarna. Zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa. Ki tafi asibiti a ranar, kar ki jira gari ya waye. Haka in ya sare ki farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe.

Ki gwada gyaran zaman na sati biyu ko uku. In bai sassauta ba, ki je a auna jininki, a duba idonki, wataƙila tabarau kike buƙata. Ki kira ni ranar Juma'a in ji yadda ake ciki. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya ba ki lafiya, ya yi miki albarka.

Innarki