Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanena mai goyon bayan Chelsea: dalilin da ya sa na zaɓi Cazorla

Assalamu alaikum ƙanena,

A shirin wasanni na rediyo da aka gayyace ni, an tambaye ni tsohon ɗan wasan Arsenal da na fi ƙauna, na ce Santi Cazorla. Sai ka bugo waya, ka gabatar da kanka a matsayin ɗan Chelsea, ka ce: ta yaya mutum mai hankali zai tsallake Thierry Henry ya ɗauki wanda ko kofin Firimiya ɗaya bai ci ba? Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko, ba mu da gardama a kan Henry. Ƙwallo 228 ya ci wa Arsenal, har yau babu wanda ya kamo shi, kuma shi ne kan gaba a tawagar da ta gama kakar 2003/04 ba a doke ta ba a Firimiya. Da an ce wa ya fi kowa iya ƙwallo, da sunansa zan kira. To amma tambayar da aka yi mini ta ƙauna ce, ita kuwa ƙaunar magoya baya ba a lissafa ta da yawan ƙwallaye. Da haka ake yi, da Robin van Persie na cikin zukatanmu, tunda ya ci ƙwallo 30 a Firimiya a kakar 2011/12. Gwada ambatar sunansa a gaban ɗan Arsenal ka ga yadda fuska za ta canza. A watan Agustan 2012 ya tattara ya koma Manchester United, ya ci musu kofi a kakar farko.

A wannan watan ne kuma Cazorla ya iso daga Malaga. Sai ka tuna halin da muke ciki sannan. Rabon mu da kofi tun 2005. Fabregas da Nasri sun tafi a 2011, kyaftin Van Persie ya bi bayansu, kowace bazara sai an sayar da wanda muke taƙama da shi. Ana cikin haka aka kawo wani ɗan guntun mutum daga Sifaniya, fuska cike da murmushi, wanda ya riga ya ci kofin nahiyar Turai sau biyu da ƙasarsa, a 2008 da 2012. Kafin shekarar ta fita ya zura wa Reading uku rigis, a ƙarshen kaka kuma magoya baya suka zaɓe shi gwarzon ƙungiya.

Ranar da ta ɗaure mu da shi ita ce 17 ga Mayun 2014, wasan ƙarshe na kofin FA da Hull City a Wembley. Ka san yadda kakar ta kasance mana: Manchester City ta yi mana 6-3, Liverpool 5-1, ku kuma kuka yi mana 6-0 a wasa na dubu na kocinmu na lokacin, Arsene Wenger. Na san ba ka manta da wannan ba, ni ma ban yafe ba. Muka zo wasan ƙarshe muna ganin ga dama ta samu, sai ga Hull ta zura biyu cikin minti takwas. Saura ƙiris ta uku ta shiga, Kieran Gibbs ya fitar da ita da ka daga kan layi. A lokacin 'yan wasanmu duk sun ruɗe, wanda ya karɓi ƙwallo sai ya jefar kamar ta ƙona shi. A minti na 17 aka samu bugun tazara daga nesa. Cazorla ya ajiye ƙwallo, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya aika ta can saman raga. Koscielny ne ya farke ta biyu, Ramsey ya ci ta nasara a ƙarin lokaci, kuma sunan Ramsey ne ya shiga kanun labarai. Amma duk wanda ya kalli wasan ya san wa ya dawo da numfashin ƙungiyar. Shekara tara na ƙishirwa a ranar suka ƙare.

Sai Janairun 2015 a gidan Manchester City, inda muka saba zuwa mu sha kashi. Wenger ya ja shi baya zuwa tsakiya kusa da Coquelin. Ya ci fenariti, ya ɗaga wa Giroud ta biyu, ya wuni yana zamewa tsakanin ƙarti waɗanda suka fi shi tsawo da ƙarfi. Mutane uku su rufe shi, ka ce shi ke nan an ƙwace, sai ka gan shi ya ɓulla ta ɗaya gefen da ƙwallo a ƙafa. Wace ƙafar? Nan ne abin dariyar. Mutum ne da ke buga kwana da dama daga wannan gefe, ya zagaya ɗaya gefen ya buga da hagu. Mai tsaron baya ba ya sanin inda zai tura shi, domin babu ƙafar da za a ce ita ce mai rauni.

Ƙarshen zamansa da mu shi ne abin da har yau yake ci mana rai. A Oktoban 2016, a wasan Zakarun Turai da Ludogorets, ya fita da ciwon agara. Muka ɗauka makonni ne. Ashe wasansa na ƙarshe ke nan a rigar Arsenal. Tiyata ta bi tiyata, ƙwayar cuta ta shiga raunin ta cinye kusan santimita takwas na jijiyar, har aka yi fargabar yanke ƙafar. Sai da aka yanko fata daga hannunsa, daidai inda ya zana sunan 'yarsa, aka liƙa a idon sawun. Wenger ya tsawaita masa kwantiragi da shekara ɗaya yana kwance, abin da ba kowace ƙungiya za ta yi ba. A 2018 ya tafi ba tare da ya sake taka fili a gabanmu ba.

Kana iya cewa tausayi ne kawai. Ban musa akwai shi ba. Sai dai dubi abin da ya biyo baya. Bayan kusan shekara biyu bai buga ba, ya koma Villarreal ya yi wasan da ya sa Sifaniya ta sake kiransa a 2019. Ya je Al Sadd ta Katar. A 2023 kuma ya koma Real Oviedo, ƙungiyar da ta raine shi tun yana yaro, tana rukuni na biyu. Ya so ya buga kyauta, doka ta hana, sai ya karɓi mafi ƙarancin albashin da aka yarda, ya kuma nemi a riƙa ba makarantar horar da yaran ƙungiyar wani kaso na kuɗin rigarsa da aka sayar. A 2025, yana da shekara 40, ya ci fenariti a wasan ƙarshe na neman gurbi da Mirandes, Oviedo ta hau La Liga bayan shekara 24. 'Yan Arsenal da ba su taɓa kallon rukuni na biyu na Sifaniya ba sun bi wannan wasa kamar nasu ne.

Kafin ka sake yi mana dariya, nemi wani yayanka da ya fara son Chelsea kafin kuɗin Abramovich, attajirin da ya sayi ƙungiyar, su zo a 2003, ka tambaye shi Gianfranco Zola. Daga 1996 zuwa 2003 ya yi muku wasa, bai ci Firimiya ko sau ɗaya ba, amma a shekarar da zai tafi magoya bayanku suka zaɓe shi ɗan wasa mafi girma a tarihin ƙungiyar. Lampard da Drogba sun zo sun tara kofuna, duk da haka dattawanku in suka fara hirar Zola ba sa son a katse su. Bambancin kawai, ku kun samu kun tafa wa naku a wasansa na ƙarshe, mu namu ya fita ne yana ɗingishi, kuma babu wanda ya san bankwana ke nan.

In an sake buɗe layi a shirin, bugo ka faɗa mini naka gwanin, amma ban da wanda yake buga muku yanzu.

Naka,
Yayanka mai goyon bayan Arsenal