Mai kisan sarki ba ya haura katanga

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da matasanmu masu rubuta labaran yaƙi da sarauta, waɗanda yanzu ake karantawa a waya babi bayan babi. Ba aljanu da tsafin da ke ciki ne damuwata ba, wannan ƙirƙira ce kuma da daɗinta. Damuwata ita ce yadda suke kashe sarki. Kusan kullum sai ka ga wani baƙo ya rufe fuska da baƙin ƙyalle, ya haura katanga da tsakar dare, ya karkashe dogarai arba'in, ya faɗa turaka. Duk wanda ya san fada ya san ba haka abin yake ba.

Mulki a fada yana hannun mai yin iso. Tsakanin ƙofar fada da inda sarki yake kwana akwai zaure bayan zaure, kowanne da mai tsaronsa, daga nan kuma sai cikin gida inda namiji baligi ba ya shiga, saƙo sai ta bakin jakadiya. Saboda haka kafin marubuci ya ɗauki alƙalami ya zana gidan a takarda, ya rubuta wa ke riƙe da kowace ƙofa, wa ke shimfiɗa, wa ke kawo abinci, wa ke kula da barga. A cikin waɗannan mutane mai kisan yake, ko wanda zai buɗe masa. Da ɗan gari akan ci gari.

Dubi Shaka na Zulu a 1828. 'Yan'uwansa Dingane da Mhlangana ne suka soke shi, da haɗin bakin baransa Mbopa, kuma sun jira sai da rundunarsa ta tafi yaƙi arewa. Halifa Mutawakkil dakarunsa Turkawa ne suka sare shi a Samarra a 861. Ko baƙon ma idan ya yi nasara, a fili ya zo a gaban jama'a: wanda ya kashe waziri Nizamul Mulk a 1092 ya zo ne da shigar sufaye kamar mai kawo kuka, aka bar shi ya matso. Wuƙa ɗaya, taku biyu, kuma nan take aka kashe shi. A lura da wannan, domin jaruman littattafanmu kullum sai sun tsira ta taga.

Sai batun ɗan gaban goshin sarki, wanda marubutanmu suka mayar mugun waziri mai jan ido da dariyar ƙeta. A tarihi yawanci mutum ne mai hazaƙa wanda ba shi da gadon sarauta, bawa ko baƙo, kuma dalilin da sarki ya yarda da shi ke nan: ba zai iya hawa gadon ba. Aikinsa ya tace wanda zai ga sarki, ya riƙe hatimi, ya ɗauki baƙin jinin da ya kamata ya faɗa kan maigidansa. Misalin da ya fi burge ni na Songhai ne. Da Askiya Muhammadu ya tsufa ya makance, na hannun damansa Ali Fulan ya ɓoye makantar, yana manne da shi a zaman fada, shi ke faɗa masa abin da ke gabansa. 'Ya'yan sarki suka ga bara ya zama idon sarki da bakinsa. A 1528 Musa ya tumɓuke mahaifinsa, Ali Fulan ya gudu, a Kano ya rasu. A Borno ma Alhaji Bashir ya tare gaban Shehu Umar har manyan fada suka ƙosa. Da Abba Abdurrahman ya ƙwace mulki a 1853, Umar ya tsira da ransa har ya dawo gadonsa a 1854, amma wazirin kashe shi aka yi.

Wani lokaci kuma sarkin da kansa ke gamawa da shi. Haruna Rashid ya sa aka fille kan Ja'afaru Barmaki a 803, Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya sa aka shaƙe amininsa Ibrahim Pasha a cikin fada a 1536 bayan shekara goma sha uku yana babban waziri.

Inda labaranmu suka fi rauni shi ne washegari. Kisa ba ya naɗa sarki. Mai makirci yana buƙatar abu huɗu kafin gari ya waye: ɗan sarki da zai hau, masu zaɓen sarki da za su amince, masu riƙe da dawaki da makamai, da malamin da zai halatta abin. In ɗaya ya kuɓuce, sai basasa. Kano ta gani. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan marigayin, alhali yawancin 'ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suna bayan ɗan'uwansu Yusufu. Suka fice zuwa Takai, manyan bayin sarki da dama suka bi su. Yusufu ya rasu a tsakiyar yaƙin, aka ɗora Aliyu Babba, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Tukur yana da takardar Sakkwato a hannu, amma mutanen da suka san gidan da makamansa sun koma ɗaya ɓangaren. Marubucin da ya fahimci abin da manyan bayin sarkin Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, suke riƙe da shi ba ya buƙatar dodo mai kai bakwai.

Mu da ke jihar nan ta Kaduna kuwa ba mu da uzuri. Zazzau tana da gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma a ƙarni na 19 Sakkwato ta sha tuɓe sarkinta ta naɗa wani. Takardun wannan zamani suna Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a nan Kaduna. Wanda bai iya Larabci ba ya fara da rahotannin gundumomi na zamanin Turawa, ya kuma nemi dattijon bafade a Zariya ya zana masa zaurukan fada ɗaya bayan ɗaya.

Naka,
Wani malamin tarihi,
Tudun Wada, Kaduna.