Nishin bakwaini ba sanyi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan nishin da bakwaini ke yi jim kaɗan bayan haihuwa, wanda a gidaje da yawa ake ɗauka sanyi ne, sai a lulluɓe yaro a zauna jira.

A cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, kuma kowace cikinta a jiƙe yake. Duk wanda ya taɓa fama da buɗe jiƙaƙƙiyar leda ya san yadda ruwa ke manne gefe da gefe. Abin da ke hana jakunkunan nan liƙewa idan an fitar da numfashi shi ne wani sinadari mai maiƙo, safaktan, wanda huhu ke yi da kansa ya shafe cikinsu, ya rage ƙarfin jan da ruwan ke yi. Huhun ɗan tayi yakan fara yin sa wajen mako 24, amma ba ya wadata sai kusan mako 34 zuwa 35. Yaron da ya zo kafin nan dole ya buɗe jakunkunansa da ƙarfi a kowane numfashi, shi ya sa za ka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, hancinsa na buɗewa. Nishin kuwa dabara ce: yana tsuke maƙogwaro ne don ya riƙe 'yar iska a ciki.

A 1959 masu bincike biyu, Mary Ellen Avery da Jere Mead, suka gano cewa jariran da wannan cuta ta wahalar numfashi ta kashe ba su da sinadarin. Ko ɗan shugaban Amurka Kennedy ita ce ta yi ajalinsa a 1963, duk da gatan da yake da shi. Yanzu ana ɗura safaktan a huhun jariri, sai dai yana da tsada ƙwarai, ba kowane asibiti ke da shi ba.

Inda nake so a mai da hankali shi ne abin da wasu likitoci biyu, Liggins da Howie, suka nuna a New Zealand a 1972: idan aka yi wa uwa allurar da ke gaggauta nunar huhun ɗan tayi kafin ta haihu, cutar na raguwa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan allurai, deksametason, ba ta da tsada, amma tana buƙatar lokaci, kuma sai ma'aikacin da ya tabbatar da makonnin cikin ne zai yi ta. Saboda haka ina kira ga hukumomin lafiya na jihohinmu su wadata asibitoci da ita, magidanta kuma su kai mace asibiti da zarar naƙuda ta taso ko faya ta fashe alhali ciki bai kai wata tara ba.

Wassalam,
Wata ungozoma mai ritaya, Zariya